Sitokhom: Birnin Da Ba A Zubar Da Tsohon Kaya

Birnin Sitokhom, hedkwatar ƙasar Suwidin da ke can ƙuryar arewacin Turai, an gina shi ne a kan tsibirai 14, daidai inda ruwan tafkin Malaren yake gangarawa cikin tekun Baltik. Tun cikin shekarar 1252 sunansa ya fara fitowa a takarda. Gari ne na sanyi da gadoji da jiragen ruwa, amma abin da ya fi jawo baƙi cikinsa shi ne gidajen ajiye kayan tarihi da na zane-zane, waɗanda yawansu ya haura 50.

Duk wanda ya sami zarafin zazzaga waɗannan gidaje zai lura da wani hali na mutanen ƙasar. Ba su yarda a zubar da tsohon kaya ba, ko na sarki ne ko na talaka, ko abin alfahari ne ko na kunya. Rigar da aka harbe sarki a cikinta tana nan, cokalin icen manomi yana nan, kuɗin da fatake suka kawo daga Bagadaza shekara 1,000 da suka wuce su ma suna nan. Ga mutumin da ya baro garinsu yana neman abinci a wani gari, akwai abin lura a cikin yadda aka yi aka tara su.

JIRGIN DA YA NUTSE RANAR FARKO

Yawancin baƙi daga tsibirin Djurgarden suke farawa, domin a nan ne gidan jirgin Vasa yake. Da mutum ya shiga sai ya sami kansa cikin ɗan duhu da sanyi-sanyi, ga wani ƙaton jirgin ruwa na katako tsaye a gabansa, baƙi ƙirin, tsawonsa mita 69. An yi wa ginin hawa-hawa yadda mai kallo zai ga jirgin tun daga gindinsa har samansa.

Sarki Gustav Adolf ne ya sa aka ƙera shi, lokacin da yake yaƙi da ƙasar Folan. So yake a yi masa jirgin da ganinsa kaɗai zai firgita abokan gaba. Aka ba wani gwanin masassaƙi ɗan ƙasar Holan mai suna Henrik Hybertsson aikin, aka soma cikin 1626. Aka ɗora wa jirgin igogin tagulla 64 a bene 2, aka ƙawata jikinsa da sassaƙe-sassaƙe wajen 700 na zakoki da jarumawa da sarakunan da, duk an shafe su da fenti mai ɗaukar ido.

Ran Lahadi 10 ga watan Agusta, 1628, jama'ar gari suka yi cincirindo a bakin ruwa don ganin tashinsa. Akwai mutum wajen 150 a ciki, har da mata da 'ya'yan ma'aikatan jirgin da aka yarda su yi rakiya. An bar tagogin igogi a buɗe domin a yi harbin ban kwana. Jirgi bai yi tafiyar da ta wuce mita 1,300 ba sai wata 'yar iska ta buso, ya karkata, ruwa ya kwararo ta tagogin ƙasa. Kafin a ce kwabo ya nutse a gaban idon kowa, har da jakadun ƙasashen waje. Mutum wajen 30 suka halaka.

Abin takaici shi ne manya sun san da matsalar tun kafin ranar. Kyaftin ɗin jirgin ya taɓa sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan a gaban wani babban hafsan mayaƙan ruwa, Klas Fleming. Sau 3 kawai suka yi aka tsai da su, domin jirgin ya soma tangaɗi kamar zai kife tun yana ɗaure. Samansa ya yi nauyi ƙwarai, cikinsa kuwa ba shi da faɗin da zai ɗauki isassun duwatsun da za su danne shi. Amma sarki yana fagen fama yana ta aiko da takardu a gaggauta, ba a kuwa sami wanda ya yi ƙarfin halin cewa a dakata ba. Sauri ya haifi nawa. Da aka zauna bincike ba a hukunta kowa ba, saboda masassaƙin ya riga ya mutu tun 1627, ma'aunin jirgin kuma sarki da kansa ya amince da shi.

Cikin shekarun 1660 aka yi dabara aka tsamo yawancin igogin, sa'an nan aka mance da jirgin. Sai a 1956 wani mutum mai naci, Anders Franzen, wanda ya yi shekaru yana jefa wani ƙarfe cikin ruwa yana laluben ƙasa, ya ciro guntun baƙin katako. Masu nutso suka haƙa ramuka 6 a ƙarƙashin jirgin cikin laka da duhu, aka zura igiyoyin ƙarfe, aka riƙa ɗaga shi kaɗan-kaɗan. Ran 24 ga Afrilu, 1961, Vasa ya leƙo sarari bayan shekara 333. Abin da ya cece shi shi ne ruwan Baltik ba shi da gishiri sosai, don haka tsutsar nan mai cinye katakon jirage ba ta iya zama a cikinsa.

Katakon da ya daɗe a ruwa in aka bar shi ya bushe haka kawai, tsagewa zai yi ya motse. Saboda haka aka yi shekara 17 ana fesa masa wani ruwan magani mai kama da narkakken kaki, daga 1962 zuwa 1979. A 1990 aka buɗe gidan da yake ciki yanzu, kuma kashi 98 cikin 100 na abin da ake gani ainihin katakon farko ne. An jera abin da aka samu a ciki: akwatunan ma'aikata da tufafinsu, da takalma, da kuɗin jan ƙarfe, da ƙasusuwan mutum akalla 15. Har rulolin kafintoci an samu guda 4, biyu na awon Suwidin mai inci 12, biyu na awon Holan mai inci 11, alamar cewa ma'aikatan ba da ma'auni ɗaya suka yi aiki ba. Wata ƙasar da ɓoye wannan labari za ta yi. Su kuwa sun gina masa gida, mutum fiye da miliyan 1 suna zuwa kallo a shekara, ana kuma koya wa ɗalibai shi don su ga abin da ke faruwa in na ƙasa ya ji tsoron gaya wa na sama gaskiya.

TUFAFIN SARAKUNA DA JININSU

Daga Djurgarden ƙaramin jirgin fito yana kai mutum tsohon gari, inda fadar sarki take. A ƙarƙashin fadar akwai taskar makamai da tufafin sarakuna, wadda ita ce gidan tarihi mafi daɗewa a ƙasar. Sarkin nan dai mai jirgi, Gustav Adolf, shi ya kafa ta a shekarar da jirginsa ya nutse, watau 1628, yayin da ya ba da umurni a adana tufafin da aka yi masa rauni a cikinsu a yaƙin Folan, don na baya su gani.

Shekara 4 bayan haka aka kashe shi a yaƙin Lutzen cikin ƙasar Jamus, a watan Nuwamba na 1632. Dokin da ya hau ran nan, mai suna Streiff, ya mutu a hanyar komawa gida, aka feɗe shi aka ɗora fatar a kan gangar jiki ta katako. Yana nan tsaye da sirdinsa. Rigar fatar da sarkin ya sa kuwa abokan gaba ne suka kwashe ta zuwa birnin Biyana a matsayin ganima, ta yi shekara kusan 300 a can. Sai a 1920 ƙasar Ostiriya ta maido da ita, don godiya bisa taimakon da mutanen Suwidin suka yi mata bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A nan ne kuma kayan Sarki Karl na 12 suke, wanda aka harba a ka a ƙasar Norwe cikin 1718. Hularsa tana nan da hujin harsashi, alkyabbarsa kuma har yau da busasshen taɓon ramin yaƙi a jikinta. Gaba kaɗan ga kayan da Sarki Gustav na 3 ya sa a daren da aka harbe shi a wajen wata rawa ta rufe fuska cikin watan Maris na 1792, ya yi kwana 13 yana jinya ya cika. Ba a wanke su ba, ba a yi musu kwaskwarima ba.

DIRHAMIN MUSULMI A ƘASAR ƘANƘARA

Gidan Tarihin Ƙasa yana unguwar Ostermalm, tafiyar 'yan mintoci da ƙafa daga gadar Djurgarden. A ƙarƙashinsa an fasa dutse an yi wani ɗaki mai kaurin bango da ake kira Ɗakin Zinariya, wanda aka buɗe a 1994. Zinariyar da ke ciki ta kai kilo 52, azurfa kuwa ta haura kilo 200. Mafi shahara a ciki su ne wasu manyan sarƙoƙin wuya guda 3 na ƙarni na 5, waɗanda aka yi wa adon mutane da dabbobi ƙanana ƙwarai, har sai mutum ya kusanto da ido kafin ya rarrabe su.

Mai karatu zai so ya san yadda wannan dukiya ta tsira daga hannun maƙera. Yawancinta manoma da leburori ne suka tono a gona ko wajen haƙar dutse. Tun 1666 ƙasar ta kafa dokar kare tsofaffin wurare, daga baya aka ƙara da cewa wanda ya tsinci tsohuwar zinariya ko azurfa a ƙasa ya kai wa hukuma, ita kuma ta biya shi. Da yake mai tsintuwa ya san ba zai tashi a tutar babu ba, sai ya kai maimakon ya narkar.

Abin da zai fi tsai da baƙo Musulmi a gidan nan shi ne tarin kuɗin azurfa masu rubutun Larabci. Dirhami ne na zamanin daular Abbasiyya da ta Samaniyawa, waɗanda aka buga a Bagadaza da Samarkand da Tashkent da sauran biranen gabas. A jikinsu akwai kalmar shahada, da sunan garin da aka buga su, da shekarar Hijira. An tono irinsu fiye da 80,000 a ƙasar Suwidin, galibi a tsibirin Gotland. A can ne a 1999 aka sami wata taska a gonar Spillings mai nauyin kilo 67, da tsabar kuɗi fiye da 14,000, wadda take ajiye a gidan tarihin tsibirin.

Mutanen da ake kira Bayikin, kakannin mutanen wannan yanki, su suka kawo su tsakanin ƙarni na 9 da na 10. An fi saninsu da hari da fashin teku a Ingila da Faransa, amma na Suwidin gabas suka fi nufa. Sukan bi kogunan Rasha har zuwa Bolga, su sayar da fatun dabbobin sanyi da takubba da bayi, su karɓi azurfa. Wani manzon Halifa Muƙtadir mai suna Ahmad ibn Fadlan ya gamu da su a bakin kogin Bolga cikin shekarar 922, ya rubuta bayanin kamanninsu da al'adunsu. Su ba su iya karanta abin da ke jikin kuɗin ba, nauyin azurfar suke bi. Shi ya sa ake ganin dirhami da yawa a gutsuttsure, ga kuma ƙananan sikeli na naɗewa da ɗan kasuwa zai sa a aljihu.

Akwai kuma wani zoben azurfa da aka tono a kabarin wata mace a Birka, tsohuwar kasuwar Bayikin da ke kan wani tsibiri a tafkin Malaren. Masu binciken da suka duba shi a 2015 sun ce rubutun da ke kan idonsa sunan Allah ne da rubutun Kufi, wasu masana kuwa suna ganin ado ne kawai da aka kwaikwayi rubutu. A wani tsibirin kusa da nan an tono ɗan gunkin Buda na tagulla da ya fito daga kwarin Swat, cikin Pakistan ta yau, tare da ludayin tagulla na Masar. Ashe fatauci mai nisa ba yau aka fara shi ba.

'Yan kasuwa za su so jin cewa a harabar nan ne taskar kuɗin ƙasar take. Cikin abin da ta mallaka akwai wani falangen jan ƙarfe na 1644 mai nauyin kilo 19.7, wanda kuɗi ne guda ɗaya. Wahalar ɗaukar irin wannan kuɗi tana cikin dalilan da suka sa wani banki a Sitokhom ya fara buga takardun kuɗi a 1661, karo na farko a Turai.

GIDAN ZANE-ZANE

Daura da fadar sarki, a ƙetaren ruwa, babban gidan zane-zane na ƙasa yake. An buɗe ginin a 1866, aka rufe shi don gyara a 2013, aka sake buɗewa a watan Oktoba na 2018. Tushen abin da ke ciki tarin sarakuna ne, wanda aka mayar mallakar jama'a bayan mutuwar Gustav na 3 a 1792. Wasu saye aka yi, wasu kuwa ganima ce da sojojin Suwidin suka kwaso daga birnin Prag a 1648.

Mai hawa matakalar gidan zai yi kaciɓis da wani zane mai faɗin fiye da mita 13, aikin Carl Larsson. Yana nuna wani sarkin zamanin jahiliyya da ake shirin yankawa a gaban ɗakin tsafi, don a sami sauƙin yunwar da ta addabi ƙasa. Larsson ya gama shi a 1915 domin wannan bango musamman, amma hukumar gidan ta ƙi karɓa, ya mutu a 1919 da baƙin cikin abin. A 1987 wani attajiri ɗan Japan ya saye shi a gwanjo. Sai da aka yi ta muhawara a jaridu, aka tara kuɗi, sa'an nan aka sayo shi a 1997 aka rataye a inda mai shi ya nufa tun farko.

Haka nan akwai wani babban zane na Rembrandt, gwanin ƙasar Holan, wanda ya yi tsakanin 1661 da 1662. Wani shugaba mai ido ɗaya ne da mutanensa suka haɗa takubba bisa tebur da dare, suna rantsuwar yi wa Rumawa tawaye. An yi shi ne don zauren majalisar birnin Amstadam, amma bai daɗe a bango ba aka sauke shi, aka yanke gefunansa. Abin da masu gari suka ƙi a wancan zamani, yau shi ne abin tinƙahon wani gari.

Cikin dukiyar gidan akwai hoton wani baƙar fata, sanye da kayan ado, yana murmushi riƙe da ɗan dokin wasan dara irin ta Turawa. Sunansa Gustav Badin, Gustaf Lundberg ne ya zana shi a 1775. Yana yaro aka kawo shi daga tsibiran Amurka da ke hannun Danmak a matsayin bawa, aka ba Sarauniya Lovisa Ulrika kyauta. Ya tashi tare da 'ya'yan sarki, ya yi karatu, ya zama amintaccen fada, ya tara littattafai ɗaruruwa, ya mutu a Sitokhom a 1822 bai sake ganin inda aka haife shi ba.

Kayan gidan nan sun taɓa jawo 'yan fashi. Ran 22 ga Disamba, 2000, mutum 3 ɗauke da bindigogi suka shiga dab da tashi, suka ɗauke ƙaramin hoton da Rembrandt ya yi wa kansa da wasu guda 2 na Renoir Bafaranshe. Sun cinna wa motoci wuta a hanya don su tare 'yan sanda, suka tsere cikin kwalekwale mai inji. Amma kayan da duniya ta sani ba su da kasuwa. An gano ɗaya a 2001, sauran kuma a 2005, ɗaya a Amurka ɗaya a birnin Kofanhagan.

MALAMIN DA YA SAYI TSOHON FATARI

Gidajen da aka ambata duk na sarakuna ne da masu dukiya. Na talakawa kuwa wani malamin makaranta ne ya kafa su, Artur Hazelius, wanda aka haifa a 1833. A zamaninsa Suwidin matalauciyar ƙasa ce. Daga 1867 zuwa 1869 an yi yunwar da ta sa mutanen arewacin ƙasar suka riƙa haɗa ɓawon itace da gari suna yin burodi. Samari suka yi ta barin ƙauyuka, wasu zuwa masana'antun birni, wasu ƙetare. Tsakanin tsakiyar ƙarni na 19 da 1930 mutum wajen miliyan 1.3 suka yi ƙaura zuwa Amurka, daga ƙasar da mutanenta ba su fi miliyan 5 da 'yan kai ba a 1900.

Cikin 1872 Hazelius ya yi rangadi a lardin Dalarna, ya ga yadda kayan kanti suke korar na gida. Masaƙa sun jingine kayan saƙa, 'yan mata sun daina sa tufafin garinsu, akusan katako an watsar a bayan ɗaki. Ya tabbata in wannan tsara ta wuce ba mai sauran sanin yadda aka zauna da. Sai ya sayi wani tsohon fatarin ulu na mata a ƙauyen Stora Tuna. Shi ne abu mai lamba 1 a rajistar gidan da ya buɗe a 1873, wanda yau ake kira Nordiska, mai kaya fiye da miliyan 1.5. Ba shi da kuɗin kirki, roƙo ya riƙa yi da bara a wajen masu hali, ya kuma aika da ɗalibai ƙauyuka suna tattaro garmuna da tukwane da shimfiɗun jarirai da kayan aure. Ƙaton ginin da ake gani yanzu a Djurgarden sai a 1907 aka gama shi, shekara 6 bayan mutuwarsa.

Bai tsaya nan ba. Ya ga cewa cokali a cikin akwatin gilashi ba ya nuna yadda aka ci abinci da shi. Saboda haka a 1891 ya buɗe Skansen a kan wani tudu kusa da nan, inda ya riƙa sayen gidaje sukutum daga ƙauyuka, a kwance su gungume-gungume, a sa wa kowane lamba, a kawo a sake haɗawa. Yau akwai gine-gine wajen 150 a fili mai eka 75: gidan manomi mai hali da bukkar ɗan ƙodago, makaranta, majami'ar katako, injin niƙa mai aiki da iska, da zangon Sami, makiyayan arewa mai nisa. Ma'aikata sanye da tufafin da suna gasa burodi, suna kaɗi, suna hura gilashi, suna amsa tambayar yara. A gefe guda kuma ga namun dajin ƙasar. Ƙasashe da yawa sun kwaikwayi wannan tsari daga baya.

KAYAN BINI A SITOKHOM

Akwai gida ɗaya da ya shafi Nijeriya kai tsaye, watau gidan al'adun ƙasashen duniya da ke gabas da tsakiyar gari. Cikin abin da aka tara a nan har da kayan tagulla na masarautar Bini. A watan Fabrairu na 1897 sojojin Ingila suka ci birnin Bini da yaƙi, suka kwashe dubban kayan fada, suka kai Oba Ovonramwen Kalaba inda ya mutu a 1914. Aka yi ta sayar da kayan a Turai, wasu suka bi hannu-hannu har Sitokhom.

Nijeriya ta daɗe tana neman a maido mata da su daga duk inda suke. A 2022 Jamus ta miƙa mallakar fiye da 1,100, a 2025 Holan ta maido da 119. Gwamnatin Suwidin ita ma a 2023 ta amince a mayar da guda 39. Ba wannan ne karon farko da gidan ya yi haka ba, domin a 2006 ya mayar wa ƙabilar Haisla ta Kanada wani dogon gungume mai sassaƙa da aka ɗauko daga ƙasarsu a 1929. Mutanen da suka yi murnar dawowar rigar sarkinsu daga Biyana ai sun san zafin a riƙe wa mutum kayan kakanninsa.

GA MAI NIYYAR ZUWA

Wanda Allah ya nufa da zuwa, don karatu ko kasuwanci ko aikin gwamnati, ya ware akalla kwana 3. Daga 2016 shiga gidajen gwamnati da dama kyauta ne, amma tun Janairun 2023 aka koma karɓar kuɗi daga manya, yara ne kawai aka bar wa kyauta. Wasu gidajen ba sa buɗewa ran Litinin. Wurare da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi sai kati. A watan Yuni rana takan yi awa 18 ba ta faɗi ba, a Disamba kuwa awa 6 ce kawai, ga ƙanƙara, don haka sai a kula da lokutan salla da kayan sanyi. Babban masallacin gari yana tsibirin Sodermalm, an buɗe shi a 2000 cikin wani tsohon gidan wutar lantarki. Mai zuwa da iyali kuma ya sani a gidan zane-zane akwai hotunan tsiraici, kamar yadda aka saba a irin waɗannan gidaje na Turai.

Ba kowa ne zai je Suwidin ba, amma abin da Hazelius ya gani a Dalarna yana faruwa a duk inda mutane suke barin gida. Yaron da aka haifa a Agege ko Sabon Badun ko Fatakwal yana iya girma bai taɓa ganin mazari ko tandu ko ƙoshiya ba, in kuma tsohuwa ta rasu a gida sai a raba abin da ke da kuɗi, a bar wa gara sauran. Akushin kaka, da gafakar malam, da takardun da mahaifi ya riƙa aikowa, da sunan wanda ya fara kafa zango a unguwa da shekarar da ya zo, duk ba su fi ƙarfin adaka ɗaya da littafin rubutu ɗaya ba. Mazauna Ikko kuma ga gidan tarihi nan a Onikan tun 1957, inda motar da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu, 1976 take ajiye da hujojin harsashi. Kuɗin mota kaɗan ne zai kai mutum da 'ya'yansa ran Asabar. Masu iya magana dai sun ce waiwaye adon tafiya.